Nasiha Kan Tsohon Kafireto: Ba A Yanke Hukunci Da Shaida Ɗaya

Ɗana, labari ya iso mini ta bakin mahaifiyarka cewa maigidanka ya ɗauke ka daga layin motocin zamani ya mai da kai wajen tsofaffi, irin na shekarun 1950 da 1960 da farkon 1970, waɗanda Amurkawa ke zuba wa dukiya don su koma yadda suka fito daga kamfani. Na yi murna ƙwarai. Ba kowane yaro ake damƙa wa irin wannan aiki ba, sai wanda aka ga hannunsa, aka kuma ga nutsuwarsa. Da yake ni ma a wannan ɓangaren na ci abinci tsawon zamana a Amurka, kafin ƙarfi ya ja baya in dawo gida, na ga ya kamata in tsakura maka abin da na sani game da wani abu da ke kunyata har ƙwararru, wato gane tsohon kafireto.

Ka koyi aiki a kan Solex na Fijo 504, kuma ka iya shi, ko da dare aka tashe ka kana kwance shi ka ɗaura. To amma can ba haka abin yake ba. A gida, da ka ga motar ka san abin da ke ƙarƙashin bonet. A Amurka kuwa kamfani guda yakan fitar da siffa ɗaya mai lambobi ɗaruruwa, kowace lamba da injin da aka auna ta dominsa. Wannan na mai giyar hannu ne, wancan na otomatik. Wannan na jihar Kalifoniya ne mai tsauraran dokokin hayaƙi, wancan na sauran jihohi. A ido duk ɗaya suke, amma jet ɗinsu da alluransu da ƙananan hanyoyin man da ke ciki sun sha bamban. Ga shi kuma motar da ta shekara hamsin ko sittin ta bi ta hannu da yawa. A da, idan kafireto ya fara wasa, abin da aka saba a garejojinsu shi ne a cire shi a kai kantin kayan mota, a karɓo wanda aka sabunta, a cika kuɗi. Ta haka na asali da yawa suka bar motocinsu ba su dawo ba. Don haka kada ka taɓa ɗauka cewa abin da ka tarar a kan inji da shi aka haifi motar.

Ka ɗauki kanka kamar alƙalin da aka kawo wa ƙarar nasaba. Ba ya yanke hukunci da bakin mutum ɗaya, komai kwarjininsa. Shaidunka huɗu ne: siffa, lamba, kwanan wata, da sassan jikin kafireton, ko 'yan gida ɗaya ne ko tsintattu. In bakinsu ya zo ɗaya, ka faɗi sunansa gaba gaɗi. In ɗaya ya saɓa, ka dakata ka sake bincike.

Fara da siffa, tun kafin ka nemi lamba. Juya shi ka dubi gindinsa, ka ƙirga maƙogwaron da iska ke bi: ɗaya ne, biyu ne, ko huɗu? Mai ɗaya galibi na inji mai silinda shida ne, mai biyu na V8 ɗin zirga-zirgar yau da kullum, mai huɗu kuma na injin da ake neman ƙarfi a wurinsa. Mai huɗu bai shigo motocin Amurka ba sai a 1952, lokacin da Buick da Cadillac da Oldsmobile suka fara ɗaura shi. Duk wanda ya nuna maka mai huɗu ya ce na asalin motar 1948 ne, ka yi masa murmushi ka wuce. In mai huɗun ne, dubi girman ramukan. In sun yi kusan daidai da juna, ka karkata zuwa Holley, ko Carter AFB, ko Autolite 4100. In na gaba biyun ƙanana ne, na baya kuma wagegen manya, to galibi Rochester Quadrajet ne ko Carter Thermo-Quad. Wannan kallo na minti guda ya riga ya rage maka rabin aiki.

Manyan gidajen biyar ne, kuma kowanne da kamanninsa. Holley mai huɗu ba ya ɓoyuwa: kwanon mai ɗaya a gaba, ɗaya a baya, kowanne ɗaure da sukuru huɗu. Samfurin 4150, wanda ya fara bayyana a 1957 a kan Thunderbird, yana da kaurin bulo mai ɗauke da jet tsakanin kowane kwano da gangar jiki. Ƙaninsa 4160 bulo ɗaya gare shi a gaba, a baya kuwa siririn faranti ne ɓoye cikin kwanon, shi ya sa ya ɗan fi gajarta. Sannan ka duba yadda maƙogwaron baya ke buɗewa. In ka ga ɗan gwangwani a gefe, tsotson iskar inji ne ke buɗe su. In babu gwangwani, kuma ka ga famfon totur a ƙarƙashin kwanon gaba da na baya, to irin wanda ƙafa ke buɗewa kai tsaye ne, wanda masu tsere suka fi so.

Carter kamfanin birnin St. Louis ne, an kafa shi a 1909. Mai huɗunsa na farko, WCFB, hannunka ne zai fara gaya maka sunansa saboda nauyi: gindinsa baƙin ƙarfe, tsakiyarsa tutiya, marfinsa alminiyam. A 1957 suka fito da AFB, gida biyu kacal kuma duk alminiyam, da ƙananan marafa biyu a ka waɗanda alluran auna mai ke ƙarƙashinsu. AVS na 1966 ya ɗauko kamanninsa, sai dai yana da 'yar ƙofa mai sifirin a saman maƙogwaron baya. Thermo-Quad kuwa tsakiyarsa baƙar roba ce mai tauri, an yi ta ne don zafin inji kada ya dafa man, kuma Chrysler ta fara ɗaura shi a kan injin 340 a 1971. A nan akwai tarko. Kafireton Edelbrock da ke cike a kantuna, irin su 1405 da 1406, a kan tsarin AFB aka ƙera shi. Yana aiki lafiya lau, amma ba tsoho ba ne, ba kuma na asalin kowace motar wancan zamani ba. Kama da wane ba ta wane.

Rochester na General Motors ne, masana'antarsa a birnin Rochester na jihar Niyok. Za ka ci karo da 2G mai biyu, da 4G mai huɗu na shekarun 1950, amma wanda zai fi cika maka benci shi ne Quadrajet, wanda ya fito a 1965 ya kai har 1990. Shi kansa yana da alamomin da ke nuna gidan da ya fito. Na Chevrolet bututun mai ta gefe yake shigarsa, na Buick da Oldsmobile da Pontiac kuwa ta gaba sak. Dubi cok ɗinsa: wani naɗin ƙarfen cok ɗin yana can cikin manifol sai sanda ta haɗa su, wani kuma yana cikin zagayayyen gida manne a gefen kafireton. In ka ga soket na waya a kansa, na zamanin kwamfuta ne, wanda ya game motocin kamfanin daga 1981, kuma ba ya aiki daidai sai da kwamfutarsa. Ko ka ga sunan Carter a jikin Quadrajet kada ka ce jabu ne. Lokacin da buƙata ta fi ƙarfin Rochester, an ba Carter kwangilar ƙera shi, kuma irin waɗannan sun fito a motoci daga kamfani.

Autolite na Ford ne: 1100 mai ɗaya, 2100 mai biyu, 4100 mai huɗu, sai 4300 da ya biyo baya a 1967. Na 2100 da 4100 gangar jikinsu da gindinsu zubi ɗaya ne, sai siririn marfi a sama, shi ya sa ba su cika yoyo ba. A farkon shekarun 1970 Ford ta daina amfani da sunan Autolite ta koma Motorcraft, bayan shari'ar da gwamnati ta yi da ita kan sayen Autolite, wadda Kotun Ƙolin Amurka ta rufe a 1972. Saboda haka marfi mai sunan Motorcraft a kan Mustang ta 1966 baƙo ne, daga baya ya zo. Na biyar shi ne Stromberg, kuma wanda ake rububinsa shi ne 97, na V8 ɗin Ford daga 1936 zuwa farkon 1938. Gindinsa ƙusa uku ne, faɗin maƙogwaronsa inci 0.97. 'Yan'uwansa 48 da 81 suna kama da shi, ɗaya ya fi shi faɗi, ɗaya bai kai shi ba. Holley 94 da ya gaje shi a motocin Ford shi ma ƙusa uku ne, sai dai mai ta marfin sama yake shigarsa, Stromberg kuwa ta gefen kwano. Ka kuma sani ana ƙera sabon 97 a Ingila a wannan zamani, don haka ƙyalli ba shaidar tsufa ba ne.

Sai shaida ta biyu, lamba. Kafin ka karanta ta dole ka fito da ita, kuma nan ne yara ke ɓarna. Kada ka kusanto da burushin waya ko sanfefa. Jikin Holley da na Rochester tutiya ne mai wani rini ruwan ɗorawa da ke sirkawa da kore. Wannan rinin kariya ne daga tsatsa, kuma rabin darajar kafireton a wurin masu sha'awa a kansa take. Samo tsohon burushin haƙori da ɗan kananzir. Jiƙa wurin, ka bar dattin ya yi laushi, ka goga a hankali, ka share da tsumma. Sai ka kwantar da tocila a gefe yadda hasken zai zo a karkace, inuwa ta cika ramin kowane harafi. In har yanzu lambar tana ɓoyo, goga alli a kai ka share da yatsa, farin zai maƙale a cikin zanen. A nan za ka bambance 3 da 8, da 6 da 5, waɗanda ruɗa su kan sa a sayo kayan gyaran wani kafireton daban. Ka rubuta abin da ka gani a takarda, ka ɗauki hoto, sannan ka sake karantawa daga ƙarshe zuwa farko.

Ka rarrabe lamba iri biyu. Akwai wadda ta taso sama da jikin ƙarfen, tun wurin zubi aka yi ta. Wannan lambar sashen nan ce kawai, kuma sashe guda yakan shiga kafireto iri-iri. Akwai kuma wadda aka buga da ƙarfe ta nutse ciki, ko aka buga a kan ɗan allon ƙarfe da ke ƙarƙashin sukurun marfi. Ita ce sunan yanka. Mutane da yawa sun wahala suna neman lambar zubi a littafi, alhali ta ainihin tana gefe ƙarƙashin baƙin mai.

Ɗauki Quadrajet. Na farko-farko ɗan zagayayyen allo gare su manne a jikin kwano, amma daga wajen 1968 lambar a tsaye take, an buga ta a gangar jiki ta ɓangaren direba, can baya kusa da sandar totur. A ce ka karanta 7029202. Bakwai da sifili na farko suna nufin Rochester. Biyun da ke biye tana nufin shekarun 1960, da huɗu ce da 1970 zuwa 1975 ke nan. Tara ita ce shekarar, wato 1969. Biyu ta gaba tana cewa Quadrajet ne na sauran jihohi, na Kalifoniya sau da yawa biyar za ka gani a gurbin. Sifilin da ke biye gidan motar ne: 0 da 1 da 2 na Chevrolet, 3 na Cadillac, 4 na Buick, 5 na Oldsmobile, 6 da 7 na Pontiac. Lambar ƙarshe in tana rabuwa biyu daidai galibi otomatik ce, in ba ta rabuwa, giyar hannu. Ka ga ke nan 7029202 da 7029203 wa da ƙane ne, na Chevrolet ta 1969, giya ce ta raba su. Daga 1976 lambar ta koma guda takwas, tana farawa da 170. Ka lura na ce galibi. Wannan ƙa'ida jagora ce, littafin lambobi shi ke tabbatarwa.

A Holley lambar tana gaban hasumiyar cok, bayan kalmar LIST. Akwai waɗanda za su zame maka abokai: 1850 mai cfm 600 (cfm shi ne ma'aunin yawan iskar da ke bi ta kafireto a minti), da 3310, da 4777 mai 650, da 4779 mai 750. Waɗannan galibi na kanti ne, wani ya sayo ya ɗaura. Wanda ya fito tare da mota daga kamfani yana ɗauke da lambar kamfanin motar a sama da ta Holley. Misali, na Camaro Z/28 ta 1969 za ka ga 3923289 da haruffan DZ, ƙarƙashinta 4053. In an sare hasumiyar cok, kamar yadda masu tsere ke yi, lambar ta tafi da ita, sai dai aune-aune. A Carter AFB da AVS dubi ƙafar gaba ta gindi, za ka ga lamba huɗu da harafin S. Tsofaffin Carter irin WCFB da YF da BBD kuwa ɗan allo mai kusurwa uku ne ke ɗauke da sunansu, in ya ɓace an shiga wahala.

Ford tana da nata harshen. Harafin farko zamani ne: B na shekarun 1950, C na 1960, D na 1970. Lambar da ke biye shekara ce. Harafi na uku irin motar ne: A babbar Ford, Z Mustang, O Fairlane, D Falcon, T motar ɗaukar kaya. Ke nan C6ZF na Mustang ta 1966 ne. Za ka same ta a ɗan allon da ke kan marfi, da kuma ƙafar gindi ta ɓangaren direba. A gefen kwanon mai kuma akwai wani zagaye da lamba irin 1.08 ko 1.12 a ciki. Wannan faɗin maƙogwaro ne da inci. A 4100, mai 1.08 yana wajen cfm 480, mai 1.12 kuma 600. Idan allon ya ce abu kaza, zagayen ya ce wani abu daban, ka yarda da zagayen, domin allo sukuru guda ne ke riƙe da shi, kowa na iya ciro shi daga wani wuri.

Shaida ta uku kwanan wata ce, kuma ita ce ke tona asiri. A Quadrajet na Rochester lamba huɗu ce kusa da babbar lambar: ukun farko rana ta nawa a cikin shekara, ta ƙarshe shekarar. Idan ka ga 0459, rana ta 45 ke nan ta 1969, tsakiyar Fabrairu. A Holley na shekarun 1960 lamba uku ce: shekara, wata, mako. 853 na nufin mako na uku na Mayun 1968. Abin kiyayewa biyu ne. Na ɗaya, dole kafireto ya girmi motarsa, ko da da 'yan makonni ne, tunda sai an ƙera shi sannan a kai shi inda ake harhaɗa mota. Ka gwada kwanansa da kwanan da ke allon jikin motar. In ya zo bayan haihuwarta, ba da shi ta fito ba, ko da lambar ta dace. Kamfanoni sun ci gaba da ƙera lamba guda shekaru bayan an daina motar, don masu neman canji. Na biyu, shekarar mota a Amurka tana farawa ne tun wajen Satumbar shekarar da ta gabata. Kafireto mai kwanan Oktoban 1968 a kan motar 1969 bai yi ƙarya ba.

Shaida ta huɗu ita ce ta fi buƙatar ido. Kamfanonin da ke sabunta kafireto da yawa-yawa sukan kwance ɗaruruwa lokaci guda, su wanke, su zuba marafa wuri ɗaya, gindi wuri ɗaya, su harhaɗa duk wanda ya shiga da wani. Sai ka sami gangar jiki ta 1969, marfi na 1974, gindi na motar ɗaukar kaya. Lambar gaskiya ce, kafireton kuwa haɗe-haɗe. Dubi launin sassan, ko tsufansu ya zo ɗaya. Dubi bututun tsotson iska: bayan dokar tsaftace iska ta 1970 sun yi ta ƙaruwa, don haka kafireton 1966 mai bututu barkatai, wasu a toshe, abin tuhuma ne. Dubi hannun totur, ko yana da wurin maƙala sandar giyar otomatik. A Holley, bulon jet ma yana da tasa lambar a ka. In an kawo maka jerin kafireto uku irin na Pontiac na 1957 zuwa 1966, ka sani na gaba da na baya ba su da cok ba su da sukurun silo, na tsakiya ne kaɗai ke da su. Uku masu cok da silo tsintattun 2G ne aka jera.

Akwai kuma masu sake buga lamba. Da yake wasu lambobin kuɗi ne mai kauri, wani yakan goge ta kafireton gama-gari ya buga ta mai tsada. Shafa wurin da yatsa. In ya ɗan loɓa ƙasa da kewayensa, ko ya fi sauran jikin santsi, ko ka hango sawun zarto a ƙarƙashin rinin, ka ja da baya. Ka riƙa kallon lambobin da ba a tantama a kansu har siffar haruffansu ta zauna maka a ido. Wanda ya saba da na gaske ba ya wahalar gane jabu.

Za ka je kasuwanninsu na tsofaffin kaya, irin ta Hershey da ke ci a watan Oktoba, da ta Carlisle, duk a jihar Fensilfaniya, ko ta Pomona a Kalifoniya. In ka tuna Panteka ko Ƙofar Ruwa ka san yanayin, sai dai faɗi. Tafi da tocila da burushinka da littafinka. Kada ka yi cinikin biri a sama: hoton da bai nuna lamba da kwanan wata da gindi ba, bai nuna komai ba. In ka riƙe shi a hannu, kama sandar totur ka girgiza ta sama da ƙasa. In tana rawa a raminta, iska za ta riƙa satar hanya, silo ba zai zauna ba sai an sa mata bushin. Duba zaren mashigar mai, musamman a Quadrajet, yakan cinye. Ɗora marfin a kan abu miƙaƙƙe ka ga ko ya lanƙwashe saboda ɗaurin ganganci. Leƙa cikin kwanon, in ruwa ya kwana a ciki ya ci ƙarfen ya bar farin gari da ramuka, ka ajiye musu kayansu. Dattawan da ke zaune bayan teburan nan kuwa, da yawansu sun shekara arba'in suna wannan harka. Gaishe su da ladabi, ka yi tambaya, ka saurara. Matambayi ba ya ɓata, kuma tsoho a ko'ina yana son wanda zai ji ta bakinsa.

Bayan ka gane abin da ke hannunka, sai ka gane abin da mai motar yake so. Wani gasa zai kai ta, inda alƙalai ke duba kowace lamba, shi kam sai na asali mai kwanan da ya dace. Wani kuwa so yake ya zaga gari da iyalinsa ranar hutu. Wannan kada ka sa shi asarar kuɗi a kan lamba, kafireto mai lafiya da ya dace da injinsa ya wadatar. Za ka haɗu da masu cewa a sa musu babba. Yi musu lissafi a hankali: girman inji da incin kubik, sau yawan juyinsa a minti, a raba da 3456. Injin 350 mai juyi 5,000 bai wuce cfm 506 ba, ko da yana shaƙar iska cikakkiya. In aka ɗaura masa 850 irin na tsere, iskar za ta yi sanyin gudu a maƙogwaro, ba za ta ja mai yadda ya kamata ba, motar ta riƙa shaƙewa in an taka. Quadrajet yana kai 750 ba tare da wannan matsala ba, saboda ƙananan na gaba ne ke aikin yau da kullum, ƙofar bayan kuma ba ta buɗewa sai gwargwadon abin da inji ya nema.

In za ka sayi kayan gyara, da lambar kafireton za ka nema, ba da sunan motar ba. Ka nemi roba da fatar famfo masu jure man yanzu, domin mafi yawan fetur ɗin Amurka akwai kashi goma cikin ɗari na sinadarin etanol a ciki, yana cin tsohuwar roba. In ka gama, ka mai da ɗan allon nan ƙarƙashin sukurunsa. Ba a bakin komai yake ba a ido, amma wanda zai zo bayanka da shi zai gane hanya. Tsohon da ka cire ma ka sa shi a kwali ka ba mai motar, ko da ya ce ka yar, watakila shi ne na asalin. Kuma don Allah kada ka leƙa maƙogwaron kafireto ana tayar da inji. Wuta takan dawo ta nan, ido kuwa ba shi da safaya.

Abin da na fi so ka riƙe, ɗana, shi ne gaskiya a bakin aiki. Wata rana za ka gane cewa kafireton da mutum ya saya da tsada haɗe-haɗe ne, ko lambarsa bugun baya ce. Gaya masa cikin taushin murya, ka nuna masa abin da ka gani da idonsa, kada ka yi masa dariya, kada kuma ka zagi wanda ya sayar masa, don mai yiwuwa shi ma haka ya saya. Wata rana kuma wani zai kawo maka abu mai daraja bai san darajarsa ba, ya ce ka musanya masa da sabo. Nan ne jarrabawarka take. Faɗa masa abin da yake riƙe da shi, in ya so ya sayar da saninsa. In shaidu ba su cika ba, ka ce siffa ta nuna kaza, lamba ta nuna kaza, sauran sai na bincika. Wannan magana ba ta rage makanike, ƙara masa kima take yi. Masu tsofaffin motoci jama'a ce 'yar kaɗan da ta san juna, abin da ka yi wa ɗaya zai kai kunnen goma, kuma kai baƙo ne, da halinka za a auna waɗanda za su zo bayanka daga gida.

Ka sayi littafin rubutu mai kauri, duk kafireton da ya bi ta hannunka ka rubuta lambarsa da kwanansa da girman jet ɗinsa da motar da ka same shi a kai. Nan da 'yan shekaru zai fi maka duk abin da na faɗa a nan amfani, kuma shi za ka miƙa wa yaron da za a ba ka. Ka kula da sallarka a kan lokaci, ka riƙa kiran mahaifiyarka, ka gaishe mini da maigidanka. Allah Ya yi maka albarka, Ya sa wa hannunka albarka, Ya tsare ka daga haram komai ƙanƙantarta.

Naka, Kawu.